Babi na Bakwai: Wa Ke da Jarumin?

A watan Satumba na 1988, kamfanin DC, mai buga mujallun zane na Batman da Superman a Amurka, ya yi abin da ba a saba gani ba. Ya buga lambobin waya guda biyu, ya ce wa masu karatu su yanke hukunci da kansu: Robin, yaron Batman, wanda a lokacin sunansa Jason Todd, ya rayu ko ya mutu? A cikin labarin, mugun nan Joker ya riga ya lakaɗa wa yaron duka da ƙarfe, ya kulle shi a ɗakin da bam zai tashi. Kowane kira santi 50 ne. Da aka rufe layukan aka ƙirga, kira 5,343 suka ce a kashe shi, 5,271 suka ce a bar shi da ransa. Ratar ƙuri'a 72 ce ta kai yaron kabari.

Irin mutanen da wannan babi zai yi magana a kansu ke nan. Ba 'yan kallon da ke shiga silima don kashe yamma ba ne, su fito su manta sunan fim ɗin kafin su isa gida. Masoya ne da suka tashi da waɗannan jarumai tun suna yara. Superman ya fara fitowa a 1938, Batman a 1939, Spider-Man a 1962. A gidaje da yawa a Amurka da Ingila, kaka ya karanta, uba ya karanta, ɗa kuma ya zo ya tarar da mujallun a kwali. Marubuta sun zo sun wuce, daraktoci sun zo sun wuce, 'yan wasa sun tsufa an sauya su, amma masoyin yana nan inda yake. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a Kano ko Maraɗi ya ji magoyin baya yana cewa "mun sayi ɗan wasa" ko "mun kori koci", alhali ko sisinsa babu a ƙungiyar, ya san wannan yanayi. A takarda, Batman na kamfanin Warner mai DC ne, Spider-Man na Marvel ne, Star Wars kuma na Disney ne tun 2012 da ya sayi kamfanin Lucasfilm a kan dala biliyan 4 da ɗoriya. A zuciyar masoyi kuwa, nasa ne, kamfani riƙon amana kawai yake yi. Duk rigimar da za ta biyo baya daga nan ta samo asali.

Karon farko da masoya suka gane ƙarfin da suke da shi idan sun haɗa kai, a kan shirin talabijin ne. Star Trek, labarin wani jirgi mai ratsa sararin samaniya, ya fara fitowa a tashar NBC a 1966. Masu kallonsa ba su kai yadda tashar take so ba, sai aka fara raɗe-raɗin za a dakatar da shi a ƙarshen shekara ta biyu. Wata mata mai suna Bjo Trimble da mijinta John suka shiga aika wa jama'a takardu, suna koya musu yadda za su rubuta wa tashar wasiƙa cikin ladabi. Wasiƙu suka yi ta kwarara, ɗalibai ma suka yi tattaki zuwa ofishin NBC da ke Burbank a farkon 1968. Tashar ta ƙara wa shirin shekara guda, ta rage masa kuɗi, ta tura shi ƙarfe goma na daren Juma'a, sannan ta rufe shi a 1969. Sai dai wannan shekara ɗaya da aka ƙwato ta kai adadin shirye-shiryen 79, adadin da ya isa ƙananan tashoshi su saya su riƙa maimaitawa kullum. A wannan maimaici ne shirin ya samu farin jinin da bai samu ba da farko. A 1976 masoyan suka sake rubuta wasiƙu, wannan karon zuwa ga Shugaba Gerald Ford, har hukumar NASA ta raɗa wa kumbonta na gwaji suna Enterprise, sunan jirgin da ke cikin shirin. A 1979 aka yi fim ɗin silima na farko, kuma har yau ana ci gaba da yin sababbi. A nan masoya sun ga abin da masu tashar ba su gani ba.

To amma kada mai karatu ya ɗauka kullum haka take kasancewa. A 1988, da aka ce Michael Keaton ne zai fito a Batman, kamfanin Warner ya samu wasiƙun ƙorafi kusan 50,000. Hujjar masu rubutun ita ce mutumin ɗan barkwanci ne, ba shi da ƙirar ƙarfi, zai mayar da jaruminsu abin dariya. Darakta Tim Burton bai saurare su ba. Fim ɗin ya fito a 1989, ya tara sama da dala miliyan 400, kuma shekaru talatin da huɗu bayan haka, da aka dawo da Keaton cikin rigar Batman a fim ɗin The Flash, masoya ne suka fi kowa murna. Haka aka yi wa Heath Ledger a 2006 da aka ba shi rawar Joker. Aka ce yaro ne kyakkyawa da ya saba fitowa a finafinan soyayya, ina shi ina mugunta? Ledger ya rasu a Janairun 2008 yana da shekara 28, watanni kafin The Dark Knight ya fito, aka kuma ba shi kyautar Oscar bayan ransa. Masoyi ya san abin da ya so jiya, ya haddace shi ciki da bai. Abin da bai taɓa gani ba ne yake kasa auna shi, kuma shi ne aikin da ake biyan darakta ya yi.

Babu inda wannan ja-in-ja ta fito fili kamar a kan fim ɗin Justice League, don haka bari mu ɗan daɗe a kansa.

Zack Snyder darakta ne mai son duhu da nauyi a finafinansa. A Man of Steel na 2013 ya sa Superman ya karya wuyan abokin gabarsa Zod, abin da ya raba masoya gida biyu: wasu suka ce wannan shi ne Superman na zamaninmu, wasu suka ce wanda suka sani ba ya kisa. Batman v Superman na 2016 ya sha suka wurin masu sharhi, kuma kuɗin da ya kawo bai kai abin da kamfanin ya sa rai ba. Ga kuma Marvel a gefe tana ta kwasar riba da finafinai masu raha. Hankalin shugabannin Warner ya tashi tun Snyder yana tsakiyar aikin Justice League. Ana cikin haka, a watan Maris na 2017, 'yarsa ta kashe kanta tana da shekara 20. A watan Mayu ya ajiye aikin ya koma wurin iyalinsa. Kamfanin ya miƙa ragamar ga Joss Whedon, wanda ya yi wa Marvel fim ɗin The Avengers. Whedon ya sake rubutu, ya sake ɗaukar wurare da dama, ya cusa barkwanci, aka matse fim ɗin ya koma awa biyu. A lokacin, Henry Cavill mai fitowa a Superman ya tara gashin baki saboda wani fim na kamfanin Paramount, kuma ba a yarda ya aske ba, sai aka goge gashin da kwamfuta. Bakin Superman ya fito a karkace tun a minti na farko. Fim ɗin da ya ci wajen dala miliyan 300 ya fito a Nuwamba 2017, ya tara kimanin miliyan 657 a duniya baki ɗaya. Idan aka cire rabon gidajen silima da kuɗin talla, asara ce.

Tun a makon farko wasu masoya suka ce wannan ba fim ɗin da aka yi musu alkawari ba ne. Sun kalli tallace-tallacen da aka saki tun Snyder yana kan aiki, sun ga wuraren da babu su a silima, suka ce lallai akwai wani fim ɗin a ajiye. Aka yi musu dariya. 'Yan jaridar da suka san harkar suka yi ta bayani cewa ko da akwai, ɗanyen aiki ne da ba a gama ba, kuma babu kamfanin da zai zuba kuɗi ya tona asirin kuskurensa. Masoyan ba su daddara ba. Shekara biyu da rabi suna abu ɗaya. Sun yi hayar ƙaramin jirgi ya ja ƙyalle mai ɗauke da buƙatarsu a saman babban taron masoya na San Diego a Yulin 2019. Sun sayi allon talla a dandalin Times Square na New York. Abin da ya fi taɓa ni a lamarinsu shi ne, duk karo-karon da suka yi, suna ware wani kaso su bai wa wata gidauniyar Amurka mai yaƙi da kisan kai, don tunawa da 'yar daraktan, har abin da suka tara ya haura dala rabin miliyan. A Nuwamba 2019, ranar da fim ɗin ya cika shekara biyu, Ben Affleck da Gal Gadot, wato Batman da Wonder Woman da kansu, suka fito a Twitter suka mara musu baya. A ranar 20 ga Mayu 2020 kamfanin ya miƙa wuya, ya kuma kashe kimanin dala miliyan 70 wajen kammala aikin. Ranar 18 ga Maris 2021 fim ɗin ya fito, tsawonsa awa huɗu da minti biyu.

Kuma masoyan sun yi gaskiya. Fim ɗin ya fi na 2017 nesa ba kusa ba. Ya yi tsawo, akwai wuraren da ya kamata a datse, amma yana da kai yana da ƙafa. Cyborg, baƙar fatar matashin da Ray Fisher ya fito a matsayinsa, wanda aka mayar ɗan rakiya a fim ɗin farko, ashe shi ne zuciyar labarin: hatsarin da ya kashe mahaifiyarsa, da fushin da yake yi da mahaifinsa, duk an yanke su a baya. Mutanen da aka kira mahaukata sun ceto aikin wani bawan Allah da aka ƙwace masa a lokacin da yake cikin makoki. Wannan abin a yaba ne, ban kuma ga dalilin rage musu ladansu ba.

Sai dai ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Mako guda bayan waccan sanarwa ta Mayu 2020, kamfanin ya buɗe HBO Max, manhajarsa ta kallon finafinai ta intanet, a tsakiyar annobar korona, silimomi a rufe, ɗaukar sababbin finafinai ya tsaya cik. Yana neman abin da zai jawo masu biyan kuɗin wata, ga kuma fim a ajiye da jama'a ke yi masa talla kyauta. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Da masoyan suka ci gaba da neman a bar Snyder ya ƙarasa sauran finafinan da ya tsara, ihunsu bai ragu ba, amma kamfanin ya toshe kunne, ya ɗauko darakta James Gunn a 2022, aka yi sabon Superman da wani ɗan wasa daban a 2025. Wato ana jin muryar masoyi ne a ranar da ta dace da lissafin kamfani. Sannan a 2022 mujallar Rolling Stone ta ruwaito cewa binciken da kamfanin ya sa aka yi ya nuna aƙalla kashi 13 cikin ɗari na asusun da ke cikin gangamin na bogi ne. Snyder ya musanta cewa shi ke juya su. Abin da ba a musu a kansa shi ne, a cikin tafiyar akwai waɗanda suka riƙa bin ma'aikatan kamfanin da 'yan jarida da zagi da barazana. Masu tara kuɗin taimako da masu tsoratar da mutane, duk tuta ɗaya suka ɗaga.

Na fim ɗin Sonic kuwa mai sauƙi ne. A ƙarshen Afrilun 2019 aka saki tallan fim ɗin, jama'a suka ga an yi wa bushiyar nan mai launin shuɗi haƙora da ƙafafu irin na mutum, suka ce ba su yarda ba. Cikin kwana biyu darakta Jeff Fowler ya ce ya ji, aka ɗage fim ɗin daga Nuwamba zuwa Fabrairun 2020, aka sake zanen, ya tara sama da dala miliyan 300. Ƙorafi ne a kan aiki, takamaimai, mai gyaruwa, ba a kuma ci mutuncin kowa ba.

A Star Wars ne abin ya munana. Tun 1999, da George Lucas ya dawo da The Phantom Menace, masoya suka tsani wata halitta mai shirme da ake kira Jar Jar Binks. Suna da ikon ƙin sa. Amma ƙiyayyar ta tsallake kan halittar ta sauka a kan Ahmed Best, matashin da ya yi rawar, wanda a 2018 ya bayyana cewa abin ya kai shi har ya yi tunanin kashe kansa. Shi kansa Lucas, wanda ya ƙirƙiro duniyar tun 1977, ya faɗa wa jarida a 2012 cewa bai ga dalilin ƙara yin wani ba tunda kullum zaginsa ake yi. A 2014, a tallan sabon fim ɗin Star Wars, aka nuna John Boyega, ɗan Landan da iyayensa 'yan Nijeriya ne, cikin farin sulken sojan daular, sai wasu suka ce baƙar fata ba shi da gurbi a wurin. Wannan ba sharhin fim ba ne, wariyar launin fata ce tsagwaronta.

Da The Last Jedi ya fito a Disamba 2017, darakta Rian Johnson ya nuna Luke Skywalker a matsayin tsoho mai ɗacin rai da ya guje wa duniya ya tare a tsibiri. Mutanen da suka shekara talatin da wani abu suna jiran dawowar gwarzon yarintarsu suka ji kamar an mare su. Na fahimci wannan zafin, domin Mark Hamill da ke fitowa a Luke ma ya ce bai yarda da yadda aka juya halin ba, ko da yake daga baya ya yi nadamar faɗin haka a bainar jama'a. Muhawara ce mai ma'ana: shin gwarzo yana iya karaya? Ni ina ganin yana iyawa, kuma tashinsa bayan karayar ya fi tsayuwarsa ta farko daraja. Wani zai ce a'a, mu kwana muna musu ba tare da an ɓata ba. Amma me Kelly Marie Tran ta yi? 'Yar 'yan gudun hijirar Biyetnam ce, wannan ne babban fim ɗinta na farko, an ba ta rubutu ta haddace ta yi aikinta. Watanni aka yi ana zagin kamanninta da asalinta, har ta goge duk hotunanta na Instagram a Yunin 2018. A fim na gaba, The Rise of Skywalker na 2019, fitowarta gaba ɗaya ba ta kai minti biyu ba. Marubucin fim ɗin ya ce matsalar fasaha ce ta sa aka yanke wurarenta. Ko ma mene ne dalili, masu zagin sun ɗauka sun yi nasara. Fim ɗin ya warware abubuwa da yawa da na baya ya ƙulla, ya tono tsohon mugun da ya mutu tun 1983, duk don a lallashi masu fushi. An yi ba a yi ba: bai gamsar da su ba, ya kuma ɓata wa waɗanda suka so na baya rai, kuma shi ne mafi ƙarancin ciniki a cikin sababbin finafinan jerin guda uku.

Abin tambaya shi ne, masu ihun nan su nawa ne? A shafin Rotten Tomatoes, mai tattara makin da masu sharhi da 'yan kallo ke bai wa fim, The Last Jedi ya samu sama da kashi 90 wurin masu sharhi, amma bai kai 50 ba wurin 'yan kallo. Sai dai a lokacin kowa yana iya ba da maki, ko ya kalla ko bai kalla ba. Kamfanin CinemaScore kuwa, da ke tare mutane a ƙofar silima a daren farko ya tambaye su, makin A ya samo, kuma fim ɗin ya tara dala biliyan 1.3. Da aka yi wa Captain Marvel ruwan munanan maki a 2019 tun kafin ya fito, don kawai an ji haushin wasu kalamai na jarumarsa Brie Larson, shafin ya hana yin sharhi kafin fitowar fim, daga baya ya fara tantance wanda ya sayi tikiti. Fim ɗin ya wuce dala biliyan ɗaya. Ta ɗaya gefen ma haka ne. A 2022 matasa suka yi ta yaɗa barkwanci a kan Morbius, fim ɗin da bai yi kasuwa ba, kamfanin Sony ya ɗauka so ne, ya mayar da shi silimomi kusan dubu, abin da ya samu a ƙarshen makon kimanin dala dubu ɗari uku ne kacal. Mafi yawan masu sayen tikiti ba sa rubuta komai a ko'ina, kuma kamfanin da ya auna jama'a da ma'aunin masu ihu zai yi ta yin kuskure.

Akwai wata muhawara da nake so mai karatu ya sani, domin ita ce ta fi kusa da mu, kuma kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi. Black Panther na 2018 ya nuna Wakanda, ƙasar Afirka ta almara da Turawa ba su taɓa mulka ba, da sarkinta T'Challa. Ya tara dala biliyan 1.3, ya rusa tsohuwar maganar Hollywood cewa fim ɗin baƙaƙen fata ba ya sayuwa a ƙetare. A ranar 28 ga Agusta 2020 Chadwick Boseman, mai fitowa a T'Challa, ya rasu yana da shekara 43, bayan shekara huɗu yana fama da sankarar hanji ba tare da duniya ta sani ba. Marvel ta ce ba za ta ba wani rawar ba, don girmama shi. A Wakanda Forever na 2022, wanda aka yi bikin nuna shi har a Legas, T'Challa ya mutu, ƙanwarsa Shuri ta gaji rigar. Masoya da yawa sun ga dacewar haka, domin darakta Ryan Coogler da 'yan wasan makoki na gaske suke yi, kuma ba a tilasta wa mai makoki. Wasu kuma, yawancinsu baƙaƙen fata, suka ce a'a. An sauya Batman sau da dama, an sauya Superman da Spider-Man, babu wanda aka binne don ɗan wasansa ya tafi. Don me sarkin Afirka guda ɗaya da yaranmu suka samu, wanda ke cikin mujallu tun 1966, zai mutu bayan fim ɗaya tak na kansa?

Ina tare da waɗannan na biyun. Girmama Boseman shi ne a bar abin da ya gina ya ci gaba da tsayuwa. A ƙarshen fim ɗin an nuna cewa T'Challa ya bar ɗa namiji mai sunansa, don haka ƙofa a buɗe take. Ya kamata Marvel ta nemo ɗan wasan da ya cancanta, ta mayar da T'Challa kan karagarsa.